Yadda ake kamo furotin na saman sel da ƙwayoyin maganadisu masu ɗauke da antibodi

Abin da na lura dashi a wannan aiki shine, idan sakamako bai fito ba mutane sai su ɗora laifin akan ƙwayoyin maganadisun, alhali sau da yawa aikin ya riga ya lalace tun kafin a buɗe kwalbarsu. Furotin ɗin da yake zaune a tantanin sel yana da halinsa daban, wani sashe nasa a nutse yake cikin kitsen tantanin, baya son ruwa ko kaɗan, kuma yawanci ɗan kaɗan ne idan ka kwatanta da tarin furotin da ke yawo a cikin sel. To kaga kenan sai ka san yadda zaka fito dashi daga kitsen nan ba tare da ya dunƙule ba, kuma ba tare da ya canza kamannin da antibodi (furotin na garkuwar jiki mai gane abu ɗaya tak ya kama shi) ta sanshi dasu ba. Zan ɗauki furotin mai karɓar tiransifarin (mai ɗaukar sinadarin ƙarfe a jini), wanda ake kira CD71, in yi misali dashi har ƙarshe, don yana da yawa a sel masu rabuwa da sauri irinsu K562 da HeLa da ake rainonsu a ɗakin bincike, nauyinsa wajen kDa 90 zuwa 95 (kDa ma'aunin nauyin furotin ne), kuma yana da wata ɗabi'a da zata koya mana darasi nan gaba kaɗan.

Su ƙwayoyin nan dai 'yan mitsi-mitsi ne na roba da aka cusa musu garin ƙarfe a ciki, waɗanda aka fi amfani dasu irin Dynabeads faɗinsu mikromita 2.8 ne. Asalinsu daga aikin Farfesa John Ugelstad ne na ƙasar Nowe, wanda a shekarun 1970 ya gano yadda ake yin ƙwayoyin roba masu girma ɗaya sak. Kyansu shine maganadisu yana jansu amma su basa zama maganadisu, da ka cire tiyub daga jikinsa sai su watse cikin ruwa kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Shi yasa ba sai ka yi ta kai da kawo wajen injin santirifuj (mai juya tiyub da gudu har abu mai nauyi ya kwanta a ƙasa) ba duk lokacin wanki.

Mataki na farko, zaɓen antibodi da irin ƙwayoyin da zasu riƙeta. Nan wajen kada ka yi gaggawa dan Allah. Antibodi da take aiki a westan (gwajin da ake ware furotin a jel bisa nauyinsu, a ɗora a takarda, a nemo su da antibodi) ba lallai ta yi aiki a nan ba, saboda a westan furotin a warware yake, anan kuwa a naɗe yake yadda Allah ya yi shi. Nemi wadda aka rubuta an gwadata a kamun furotin, ko wadda take aiki a injin fulo (mai auna sel ɗaya bayan ɗaya da haske) akan sel masu rai, wannan alama ce mai kyau cewa tana gane ɓangaren da ya leƙo waje. Sai ka duba dabbar da aka samota da kuma ajinta, wato IgG ce ko IgM da makamantansu. Ƙwayoyin suna zuwa ne da Furotin A ko Furotin G a jikinsu, na A daga ƙwayar cutar Staphylococcus aureus aka samo shi, na G kuma daga Streptococcus, dukansu suna kama gindin antibodi su bar hannuwanta a sake. Antibodin zomo kowanne yana riƙeta da kyau. Amma IgG1 na ɓera, irin OKT9 da ake kama CD71 da ita, Furotin A riƙon sakainar kashi yake mata, sai ka ɗauki na G. IgM kuwa kada ma ka ɓata lokacinka da su biyun, sai dai ka nemi ƙwayoyin da ake ɗaure antibodi a jikinsu kai tsaye.

Tun yanzu ka tanadi wata antibodi ta kwatanci, daga dabba ɗaya, aji ɗaya, wadda bata gane komai a sel ɗinka. Duk abin da zaka yiwa ta gaske zaka yi mata. Idan babu ita, duk layin da ka gani a jel a ƙarshe baka da hujjar cewa naka ne.

Mataki na biyu shine wanda mutane suka fi tsallakewa, kuma ni a wajena shine zuciyar aikin. Ka ce kana son furotin na saman sel ko? To da zarar ka fasa sel, antibodi bata san wanda yake sama da wanda yake ciki ba, duk wanda ta samu kamawa zata yi. CD71 kullum cikin shiga da fita yake, ya ɗauko ƙarfe ya shige ciki ya sauke ya dawo sama, don haka kaso mai yawa nasa a kowane lokaci yana cikin 'yan jakunkunan cikin sel ne. Ga kuma sabbin da ake kan ƙerawa basu ma iso saman ba. Idan ka haɗa su duka ka ce na sama ne, ka yi kuskure babba. Maganin abin shine ka yiwa na saman alama tun sel yana da rai bai fashe ba, kuma alamar da aka saba ita ce bayotin, wani ɗan ƙaramin sinadari da ake maƙala wa furotin don a gane shi daga baya.

Ga yadda zaka yi. Ɗauko sel kamar miliyan 10 zuwa 20 don kowane kamu ɗaya, masu lafiya, waɗanda matattun cikinsu basu da yawa, domin mataccen sel tantaninsa a huje yake, bayotin zai shige ya shafa komai na ciki. Ɗora su akan ƙanƙara, daga nan har ƙarshe komai a sanyi zaka yi shi, digiri 4, saboda sanyi ne yake tsayar da sel daga haɗiye abin da ke samansa. Wanke su sau uku da PBS (ruwan gishiri mai fosfet) mai sanyi, ka wanke da gaske fa, ruwan da ake rainon sel a ciki cike yake da furotin da amino asid da zasu cinye bayotin ɗin, kuma akwai antibodin saniya a ciki wadda zata je ta tare gurbi a jikin Furotin G. Idan sel ɗinka masu mannewa ne a faranti, kada ka kuskura ka ɗaga su da tirifsin. Tirifsin aikinsa yanka furotin, kuma wanda zai fara yanka shine na sama, wato ainihin abin da kake nema. Na taɓa ganin an yi sati biyu ana neman layin da ya ɓata, ana canza antibodi ana canza bafa (ruwan haɗin da ake aikin a cikinsa), ashe tirifsin ne ya aske shi tun a minti biyar na farko, abin ya ban takaici sosai don sel ɗin ba ƙaramin wahalar rainonsu aka sha ba. Ka yi musu alamar suna kan farantinsu, in ya so ka kankare su daga baya, ko ka ɗaga su da EDTA mai ƙarfin 2 zuwa 5 mM.

Bayotin ɗin da zaka saya ya zama mai Sulfo-NHS a sunansa, wannan sulfo ɗin caji ne dashi da yake hana shi ratsa tantani. Narkar dashi nan take lokacin da zaka yi amfani dashi, kamar 0.5 mg a kowane mL na PBS mai pH 8, kada ka narkar ka ajiye don ruwa yana kashe shi cikin ɗan lokaci, kuma ka bar kwalbar ta huce daga sanyin firji kafin ka buɗe saboda raɓa. Zuba a kan sel, minti 30 akan ƙanƙara kana ɗan karkaɗawa a hankali. Bafar nan kada Tris ko gilaisin su shiga cikinta, su ma suna da amin, wato ɓangaren da bayotin yake kamawa a jikin furotin, don haka zai kama su ya bar furotin ɗinka. Amma bayan minti 30 ɗin su ne abokanka, sai ka wanke sau biyu ko uku da PBS mai gilaisin 100 mM don ya kashe ragowar, sannan wanki ɗaya da PBS zalla. Wani abu kuma, akwai mai SS a sunansa akwai mai LC. Mai SS ɗin DTT (sinadarin da ke tsinke gadar salfa) yana tsinke shi, yana da amfani idan kana son sakin furotin daga sitireftabidin (furotin mai kama bayotin gam) daga baya, amma idan niyyarka ka ga bayotin ɗin a westan bayan ka sa DTT, alamar zata tafi ka ga fili fetal. A wannan halin mai LC zaka ɗauka.

Mataki na uku, fasa sel. Bafar da na saba farawa da ita: Tris 50 mM pH 7.4, gishiri NaCl 150 mM, sai ditajan (sinadari irin sabulu) Triton X-100 ko NP-40 kashi 1 cikin 100, mL ɗaya don sel miliyan 10 zuwa 20. Zuba magungunan hana firotiyes cin furotin daf da lokacin aiki, musamman PMSF 1 mM, shi baya daɗewa a ruwa, kuma guba ne, sa safar hannu. Bar su akan ƙanƙara ko a injin juyawa a ɗakin sanyi minti 30.

Ditajan ɗin nan shine yake maye gurbin kitse, ya lulluɓe ɓangaren furotin da baya son ruwa ya riƙe shi a narke. CD71 sau ɗaya ya ratsa tantani, Triton ya ishe shi. Amma idan naka irin mai ratsawa sau bakwai ne ko goma sha biyu, ko kana son ka kamo shi tare da abokan zamansa, gara ka koma mai laushi irin DDM ko dijitonin kashi 1. Masu rataye da GPI (ɗan ƙugiyar kitse da sukari da ke riƙe su a tantani) kuma suna zama ne a wasu tsibirai na kitse da Triton mai sanyi baya narkarwa, sai su bi tsaki su kwanta a ƙasa bayan santirifuj, su oktil gulukosaid wajen 60 mM ya fi fito dasu. Bafar RIPA mai ditajan SDS mai ƙarfi a ciki tana fito da abu da yawa amma tana iya warware furotin har antibodi ta kasa gane shi. Shawarata, kafin ka taɓa ƙwayoyi masu tsada, ka ɓata kwana ɗaya ka gwada ditajan biyu ko uku, ka gudu da ruwan sama da kuma tsakin kowanne a jel, ka ga ina furotin ɗinka ya tafi. Kwana ɗayan nan zai cece ka daga wata guda na lalube.

Bayan fasawa sai santirifuj, g 14,000, minti 15, digiri 4. Ɗebe ruwan sama zuwa sabon tiyub ba tare da ka taɓo tsakin ba, ka ajiye tsakin gefe, in ka ga ruwan ya yi yauƙi to DNA ne ya fito, sake juyawa. Auna yawan furotin da gwajin BCA, don gwajin Bradford baya shiri da ditajan mai yawa, ka nufi 0.5 zuwa 1 mg a kowane kamu. Cire kashi 5 cikin 100 ka ajiye gefe, wannan shine shaidar abin da ka fara dashi. Idan sel ɗinka masu yawan datti ne, juya ruwan da ƙwayoyin da ba a sa musu antibodi ba na minti 30, ka janye su da maganadisu ka zubar, zasu tafi da masu manne wa komai.

Mataki na huɗu, ɗora antibodi akan ƙwayoyi, wannan kana iya yinsa lokacin da sel suke fashewa. Girgiza kwalbar sosai har sai ruwan ya zama launin ƙasa-ƙasa bai ɗaya, babu abin da ya kwanta a gindi, domin suna da nauyi suna zama da wuri, in baka girgiza ba tiyub na farko zai samu ruwa na ƙarshe ya samu laka. Ɗebi µL 50, wato wajen 1.5 mg idan kwalbar 30 mg a mL ce. Ɗora a maganadisu minti ɗaya ko biyu, zaka ga sun taru a gefe ruwan ya washe, zuƙe ruwan da fifet ta ɗaya gefen. Cire tiyub ɗin daga maganadisu sannan ka zuba antibodi µg 1 zuwa 10 cikin µL 200 na PBS mai Tween-20 kashi 0.02, ni nakan fara da µg 5. Juya minti 10 zuwa 20 a zafin ɗaki, mayar maganadisu, zubar da ruwan, wanke sau ɗaya ko biyu. Abu biyu da ƙwayoyin nan basa yafewa: bushewa da daskarewa. Kada ka zuƙe ruwa ka tafi amsa waya, da ka cire wani ruwan ka zuba wani, kuma kada ka taɓa sa kwalbar a firiza.

Yanzu sai ka yanke shawara ko zaka ɗaure antibodin dindindin. Dalili shine idan ka zo saki a ƙarshe ita ma zata biyo, ta fito da manyan layuka biyu a jel, ɗaya a kDa 50 ɗaya a 25. CD71 yana can sama a 90 da wani abu, babu ruwansa dasu. Amma idan naka yana kusa da 50 ko 25 zasu rufe shi ruf. To sai ka ɗaure da BS3 5 mM cikin bafar fosfet mai gishiri, minti 30 a zafin ɗaki, ka kashe da ɗan Tris 1 M pH 7.5 na minti 15, ka wanke sau uku. Ka sani dai wasu antibodin ƙarfinsu yana raguwa bayan ɗauri, don haka gwada ɗaurarriya da marar ɗauri gefe da gefe karon farko.

Mataki na biyar, haɗa su. Raba ruwan fasassun sel gida biyu daidai, rabi kan ƙwayoyi masu antibodin gaske, rabi kan masu ta kwatanci. Sa a injin da yake juya tiyub sama da ƙasa, a digiri 4, awa ɗaya zuwa biyu. Ruwan ya kai yawan da zai riƙa gudana idan tiyub ya kife, in ya yi kaɗan ƙwayoyin a murfi zasu maƙale su bushe. Mutane da yawa suna barinsa ya kwana, ni dai bana so sai in antibodin mai rauni ce ƙwarai, domin ƙwayoyin maganadisu kamunsu a fatar waje yake, yana sauri, abin da kwanan yake ƙarawa yawanci datti ne da kuma lokacin da firotiyes zasu yi ɓarna. Bayan an gama, maganadisu minti biyu, ɗebe ruwan amma kada ka zubar, ajiye shi, shine zai gaya maka nawa ne ya kuɓuce.

Mataki na shida, wanki. Sau uku zuwa biyar, µL 500 zuwa mL ɗaya kowane karo, da bafa mai sanyi. Kowane wanki ka cire tiyub daga maganadisu ka watsa ƙwayoyin sosai da fifet a hankali, zuba ruwa a kansu suna manne a gefe ba wanki bane. Kuma kada ka cire ditajan gaba ɗaya daga ruwan wankin, wannan kuskure ne da ake yawan yi, furotin na tantani in ya rasa ditajan dunƙulewa yake ya manne a bangon tiyub. Rage shi dai, Triton kashi 0.1, DDM kamar kashi 0.03. Idan datti ya yi yawa ɗaga gishiri zuwa 300 ko 500 mM a wanki biyu na tsakiya, amma ka sani abokan zaman furotin ɗin suna iya tafiya. A wanki na ƙarshe kwashe ƙwayoyin zuwa sabon tiyub, saboda bangon tsohon ya sha furotin iri-iri, in ka yi saki a cikinsa duk zasu fito tare da naka. Wannan ɗan canjin tiyub ɗin kaɗai yana share layukan banza da yawa wallahi.

Mataki na bakwai, saki. Idan kana son furotin ɗin da sauran ransa, zuba µL 20 zuwa 30 na gilaisin 50 zuwa 100 mM pH 2.8 mai ɗan ditajan, minti biyu zuwa biyar, maganadisu, ka kwashe ruwan zuwa tiyub da ka riga ka zuba ɗan Tris 1 M pH 8 a ciki don ya kashe tsamin nan take. Idan jel kawai zaka, zuba bafar Laemmli ka ɗumama a digiri 70 minti 10. Kada ka tafasa a 95 in furotin ɗinka mai ratsa tantani sau da yawa ne, zafi yana dunƙule su su tsaya a bakin rijiyar jel su ƙi shiga, irinsu digiri 37 na minti 30 ya wadatar. Sannan ka janye ƙwayoyin da maganadisu kafin ka loda.

Abin da ya fito yanzu duka CD71 ne, na sama da na ciki. Don ka ware na saman zalla, sai ka tsarma abin da ka saki cikin bafa mai yawa, ka sake kamawa da ƙwayoyin maganadisu masu sitireftabidin, mai bayotin ne kaɗai zai kamu. Idan kuma gani kawai kake so, gudu da jel ka bi takardar westan ɗin da sitireftabidin mai HRP (enzayim da ke sa layi ya bayyana). A nan kada ka toshe takardar da madara, akwai bayotin a madara, yi da BSA (furotin na jinin saniya). Akwai kuma hanya ta biyu ga wanda bayotin ya rufe masa wajen da antibodi take kamawa, don yana faruwa: ka zuba antibodin kan sel masu rai akan ƙanƙara minti 30 zuwa awa ɗaya, ka wanke wadda bata kama ba sosai, sannan ka fasa ka zuba ƙwayoyin Furotin G tsirara su kamo ta da abin da ta riƙe.

Wajen loda jel jera su haka: abin da ka fara dashi, ruwan da ya kuɓuce, wankin ƙarshe, sakin antibodin kwatanci, sakin ta gaske. Idan furotin yana na farko kuma yana nan yadda yake a na biyu, antibodi bata kama ba. Idan babu shi tun a na farko, koma kan ditajan ko ka duba tsakin da ka ajiye. Idan ya ragu a na biyu amma bai fito a saki ba, ko ya tafi a wanki ko yana nan manne a ƙwayoyin, ɗumama su da Laemmli ka gani. Kada ka tsorata in layin ya fito da kauri kamar an shafa shi, ko ya fi nauyin da lissafi ya nuna, furotin na sama yawanci suna ɗauke da sukari, enzayim ɗin PNGase F zai sauke irin sukarin da ake kira na N ka ga layin ya tsuke ya sauko. CD71 kuma in baka sa DTT ba zaka ganshi wajen kDa 180 zuwa 190, saboda bibbiyu suke zama a ɗaure da gadar salfa.

Saura gwajin da zai tabbatar bayotin bai shiga ciki ba. Ɗauki ɗan ruwan fasassun sel ka kama da sitireftabidin kai tsaye, ka nemi GAPDH, furotin na cikin sel mai kDa 36, a ciki, bai kamata ya fito ba, shi kuma famfon sodiyam da fotashiyam na tantani mai wajen kDa 100 ya kamata ya fito ƙarara. In GAPDH ya bayyana to sel sun huje lokacin alama, sai a sake da sabbi. Layuka biyu da zaka iya gani wajen kDa 75 da 130 ko a sel da ba a yiwa alama ba, enzayim ne na cikin sel da suke ɗauke da bayotin nasu na asali, shi yasa yake da kyau ka riƙa tafiya da faranti ɗaya da baka zuba masa bayotin ba, ka loda shi kusa da sauran.